Yadda Mai Kifi Ta Shiga Wuta a Gangara

Halliru mai gyaran keke na Gangara mutum ne da idan ka kai masa faci da hantsi, to ka tafi da abincin ranarka. Ba lalaci ba ne, surutu ne, kuma duk surutunsa a kan abu ɗaya yake: tsofaffin sifanu, irin waɗanda ake murza ɗan dunƙule bakinsu ya buɗe ko ya tsuke. Tun yana saurayi, lokacin da yake bin manyan motoci tsakanin Isa da Maraɗi, ya fara tara su, har suka cika wata tsohuwar jakar fata.

Shi ba ya karanta rubutun boko, don haka da tambari yake gane su. Mai hoton kare ya ce ta Ingila ce, ta zo da motocin gyaɗa. Waɗanda ba su da tambari kuwa sai ya buga su da ƙusa ya kasa kunne. In ƙarar ta mutu nan take, ya taɓe baki ya ce ƙarfen tukunya ne. Amma sarauniyarsu ita ce wata doguwa mai nauyi, mai ɗan hoton kifi a mariƙinta, wadda wani tsohon direba ya bar masa. Ya ce a wata ƙasa mai sanyi aka ƙera ta, a gidan wani maƙeri da ya gaji da jidar sifanu kala-kala zuwa wurin aiki, ya zauna ya yi guda ɗaya mai cin kowane noti. Daga bakin direbobi ya tsinci labarin, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa gishiri. Matarsa Saude takan ce da Mai Kifi tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa.

Sai farin farkon shekarun saba'in ya zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har saura babbar rijiyar gari, ita ma guga sai ya dawo da laka. Gidaje suka fara ɗaure kaya. Masu haƙa suka shiga don su ƙara mata zurfi, suka ci karo da dutse. Sun ce suna jin sanyi a jikinsa, akwai ruwa a ƙasa, amma duk dagin da Wada maƙeri ya ƙera musu, bakinsa lanƙwashewa yake yi. Ƙarfe mai kyau ya yi wuya a garin, don an riga an kai shi kasuwa an sayo hatsi.

Wada ya zo rumfar Halliru ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: ƙarfe mai ƙwari yake nema cikin sifanun, ya ƙera dagi da shi. Halliru ya san wadda ake nufi sarai. Amma son abu ya fi ƙarfinsa, ya zaro wata babba marar tambari ya miƙa, har yana yabon ta. Wada ya mai da ita dagi, rabin yini ta yi a rijiya ta tsage. Ya ba da ta biyu, ita ma haka. Kowane gwaji kwana yake ci, kuma kowane kwana sai an ga wani gida ya kama hanyar kudu da jakuna.

Ranar da ƙanen Saude ya zo sallama da iyalinsa, ta raka su bakin gari ta dawo, ta tarar da mijinta yana shafa wa Mai Kifi mai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, kai kaɗai ka san ƙarfe garin ga. Wada bai sani ba, mu ma ba mu sani ba. In ka ce babu, babu ta. Ni dai za ni fara ɗamrin kaya."

Maganar ta soke shi, domin gaskiya ce: ilimin da yake taƙama da shi, da shi ya yi ta ɓoye abin da ya kamata ya bayar. Kunya ta kama shi sosai. Ya naɗe sifanar a gefen rigarsa ya nufi maƙera.

Wada ya juya ta a hannu, ya ce in an sa ta wuta fa ba ta dawowa. Halliru ya ce, "Na sani. Wanda yay yi ta, don aiki yay yi ta. Ba ni zuga-zugin."

Shi ya zuga wutar da hannunsa. Yana kallo aka cire dunƙulen, mariƙin ya yi ja, masaba ta sauka a kai har tambarin ya baje. Ya ci gaba da zuga har Wada ya gama dagin.

Dagin ya shiga rijiya. Daga sama ana jin ƙararsa, siririya mai tsawo, Halliru na tsugune a bakin rijiyar yana gyaɗa kai. Bakin bai lanƙwashe ba. Kwanaki aka yi ana fito da ɓaraguzan dutse a kwando, sannan yashi mai danshi, sannan wata la'asar mai haƙa ya yi kira a jawo shi, ruwa ya kai masa idon sawu.

Ba ruwa ne mai yawa ba, amma ya riƙe garin har damina. Guga na farko da aka jawo jajir yake da laka, aka miƙa wa Halliru. Saude ta ce ya bari ya kwanta tukuna. Ya ce a'a. Ya kafa kai ya sha, hawaye na zubo masa, shi kansa bai san na murna ba ne ko na rashi. Ya goge baki ya miƙa mata gugan, ya ce ta sha, sannan ta je ta kwance kayan nan.