Selby Nattrass da Lambar Mamaci

Tun kafin gari ya gama wayewa, a watannin da sanyi ke cizon kunne, Selby Nattrass ya riga ya buɗe ƙofar Tafkin Ravelburn, can kan tuddan Durham. Sai ya ɗora butar shayi a ɗakin katako, ya saɓi dogon ƙarfensa ya zaga bakin ruwa yana fasa ƙanƙarar da ta kwana a gefe. Ya taka kowane dandamalin katako da masunta ke tsayuwa a kai, ya ji ko akwai wanda ya ruɓe. Ya dubi inda iska ta dosa, ya dawo ya rubuta da alli a jikin ƙofa: kifi na ƙasa yau, ku ja a hankali. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zagaye. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki don gwiwa ta ƙi, kuma na san in ban rubuta wani abu a kansa ba, shi dai ba zai taɓa buɗe baki ya faɗi abin da ya yi ba.

Mu masu zuwa da hunturu ba mu da yawa, kuma ba za a ce hankali ya ishe mu ba. Mutum ya bar gindin wutarsa, ya zura wandon robar nan mai haɗe da takalmi da ke kaiwa ƙirji, ya shiga ruwan da ke ƙoƙarin daskarewa. Ya wuni yana kaɗa sanda, yana jefa ƙudan ƙarya da ya ɗaure da gashin tsuntsu a kan ƙugiya, duk don ya yaudari kifin tirawut ɗaya, wanda in ya kama ma sai ya shafa bayansa ya mayar da shi ruwa. Irin waɗannan mutane Selby ke kiwo.

Kafin tafki, shekara goma sha biyar ya yi a ramin kwal, kuma daga can ya zo da al'adar da muka daɗe muna yi wa dariya. A bangon ɗakin akwai allo mai ƙusoshi, kowace ƙusa da lambar tagulla a rataye. In za ka ruwa ka cire taka ka sa a aljihu, in ka fito ka mayar. Selby ba ya kulle ƙofa sai ya ga kowace ƙusa da lambarta. An taɓa yin wani likita da ya manta ya tafi gida da tasa, Selby ya bi shi da waya har teburin cin abinci, ya sa shi ya tuƙo mil ashirin ya dawo da ita.

Sai kuma kunnensa. Selby na zaune a ɗaki, bayansa ga taga, zai gaya maka wanda ke jifan ƙugiya daga kukan igiyar sandarsa kawai.

"Norrie!" ya kan ce in Norrie Fenwick, tsohon direban bas ɗinmu mai bakin tsiya, ya shigo. "Ka bar dukan ruwan nan kamar mai wankin bargo. Kifin da ka kora yau har sun kai Scotland."

"Ji tsohon banza! Kai da ko ganina ba ka yi ba."

"Ina ruwana da ganinka? Na ji ka ai."

Amma jifan da ko mu marasa kunne muka sani shi ne na Wilf Teasdale. Dutse ya taɓa karya masa kafaɗa a rami, don haka in ya mayar da igiya baya sai hannun ya tsaya, ya ɗan zabura sau biyu kafin ya sake ta. Fiuu, fit-fit. Ba mai yin haka sai shi. Wilf ya rasu a watan Oktoba, shekara biyu da suka wuce, aka ƙona gawarsa bisa wasiyyarsa, aka watsa tokar a wurin da ya fi so, kusa da tsohuwar katangar gona da ruwa ya cinye. Lambarsa ta goma sha bakwai ta ci gaba da zama a ƙusarta, ba wanda ya ce a bar ta, ba kuma wanda ya taɓa ta.

Wata uku bayan haka, wata Laraba ta Janairu, hazo ya sauko wajen ƙarfe biyu na rana. Ba irin wanda ke shigowa a hankali ba, wannan zubowa ya yi daga tudu, har mutum ba ya ganin kan sandarsa. Mu biyar ne a ruwa ranar, kuma kafin uku da rabi duk mun lallaɓo ɗaki muna ɗumama yatsu a jikin kofi. Motocin da ke waje namu ne, ba ƙari. Selby ya ɗauki makulli, ya juya ga allo yadda ya saba, sai muka ga ya tsaya.

"Wane ne ya taɓa goma sha bakwai?"

Muka dubi juna. Ƙusar tana nan, ba komai a kanta.

"Norrie, in wasa ne, ba na so."

"Ni? Haba Selby! Ina da baki, amma ba na wasa da matattu. Duba ƙasa, wataƙila faɗuwa ta yi."

Aka duba ƙasa, aka ja benci, aka zazzage kwandon shara. Babu. Selby ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru, ya tura ƙofa. Sanyi ya shigo da warin laka. Tafkin ya yi tsit, ko agwagwa ba ta motsi. Can, daga nesa, daga ɓangaren tsohuwar katanga, muka ji shi. Fiuu, fit-fit.

Ba zan ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi har ƙeya. Ƙatti biyar, ba wanda bai haura sittin ba, muka yi cirko-cirko da kofuna a hannu. Aka ɗan jima, sai ga shi kuma. Fiuu, fit-fit.

"Kulle ƙofar nan mu tafi," in ji Norrie, murya can ƙasa. "Don Allah, Selby. Mutumin nan ruwansa ne, ƙyale shi ya yi kamunsa."

"Ba na kulle ƙofa da ƙusa a wofi."

"To wa za ka je ka ɗauko? Toka?"

"Wanda ya cire lamba hannu gare shi," in ji Selby. "Saura rabin awa duhu ya rufe. In mai rai ne, ba zai kai safe ba."

Ya ɗauki wuƙa da bargo da fitila, ya gangara ya kwance ƙaramin kwale-kwalen aiki. Ba ɗayanmu da ya ce zai bi shi, kuma kunyar wannan tana tare da ni har yau. Abin da muka iya shi ne kunna fitilun motoci mu haska bakin ruwa don ya san hanyar dawowa. Tuƙi uku ya yi, hazo ya haɗiye shi.

Abin da ya faru a can, daga bakinsa na tsinta kaɗan kaɗan, don Selby ba ya ba da labari sai an tatsa. Ya ce ba gaba ba baya, ko'ina fari, fitila ma sai dawo masa da haskenta take yi. Sai ya yi tuƙi biyar, ya ɗaga sandunan tuƙi, ya kasa kunne. Ruwa na ɗiga daga katako, zuciyarsa na bugu, sannan kukan igiyar ya zo, ya gyara kan jirgi ya bi. Sau biyu ya kauce, sau biyu sautin ya sake fitowa ta hannun hagu, kusa fiye da da. Ya ce tsoro ya ji irin wanda bai ji ba ko ranar da rufin rami ya rufto. Shekara arba'in ya san Wilf, shi ya riƙe tulun tokarsa, ga shi yana tuƙi zuwa ga jifansa. Har ya buɗe baki zai kira sunan, ya fasa, don bai san abin da zai yi ba in aka amsa.

Jifa na ƙarshe ya ji shi dab da kunnensa. Ya ƙara tuƙi uku, sai ga mutum a tsaye cikin ruwa har ƙirji, da hular Wilf, da rigar Wilf mai aljihuna, ba ya motsi.

Selby ya ɗaga fitila. Fuskar ƙarama ce, ta tsohuwa, leɓuna sun yi shuɗi.

"Enid!"

Enid Teasdale ce, matar Wilf. Ta hau bas ɗin tsakar rana, ta tako daga titi, ta iske ɗakin ba kowa don Selby na can ƙarshen tafki yana share magudana. Ta ciri lambar mijinta domin ya sha gaya mata ba a kusantar ruwa sai da lamba. Ta bi kan tsohuwar katangar yadda ya kwatanta mata, hazo ya rufe, ƙafa ta zame gefe, laka ta kama takalman wandon Wilf da ya yi mata yawa, ruwa ya cika shi.

Selby bai tsaya jan ta ba, ya san laka ba ta sakin takalmi. Ya kafa sandar tuƙi a jikin katanga, ya kwanta rub-da-ciki a bakin jirgi, ya yanke maɗaurin wandon daga kafaɗunta, ya tsarge robar har ƙugu. Ya sa hannuwansa ƙarƙashin hammatarta ya zare ta daga ciki, wandon ya tsaya a laka shi kaɗai. A nan gwiwarsa ta tafi, kuma ba ta dawo daidai ba tun ranar.

A ɗaki muka naɗe ta da duk bargon da ke akwai, muna jiran motar asibiti. Da muryarta ta fara dawowa, Norrie ya durƙusa gabanta.

"Baiwar Allah, me ya hana ki ihu tun farko?"

"Kunya," in ji ta. "Wilf ya ce ba a ɗaga murya a bakin ruwa. Na ce kada in kore wa mutane kifi. Da na ga abin ya yi yawa na buɗe baki, muryar ta tafi."

"Kifi! Kun ji ko? Wallahi gidan nan duk kanku ɗaya." Ya share ido da hularsa. "To jifan fa? Kin kusa kashe mu da tsoro."

"Shi ya koya mini, a kan ciyawar bayan gida. Shekara da shekaru yana cewa hunturu mai zuwa zai kawo ni."

Sai muka fashe da dariya irin ta waɗanda aka sauke wa kaya. Ashe ta kwaikwayi jifan har da ciwon kafaɗar, ta ɗauka haka ake yi. Norrie ya ce Allah ya sa kin yi ta jifa, shi ya cece ki.

Enid ta dube shi. "Ai sandar ta faɗi tun da na zame. Ko jifa goma ban yi ba. Hannuwana sun mutu, na cusa su a hammata."

Dariyar ta tsaya. Na dubi Selby, yana zaune a benci riƙe da gwiwa, idonsa a ƙasa, na gane ya riga ya sani. Ya ga hannuwan nan a lokacin da ya ɗaga fitila. Washegari shi da kansa ya tsinci sandar a cikin ciyayin gefe, ƙanƙara ta riƙe ta, igiyar ta cukuikuye.

Sai da bazara ta shigo Enid ta dawo, da ƙafarta, ta kawo masa burodin zabibi. Ina wurin. Ta zauna, ta yi ta juya kofi, sannan ta tambaye shi abin da duk muka kasa tambaya.

"Selby, kai ka san jifan kowa. Kada ka yi mini ƙarya. Shi ne?"

Selby ya ajiye kofinsa.

"Ban sani ba, Enid. Ni mai gadin ruwa ne, ba limami ba. Abin da na sani, na kauce sau biyu, sau biyu aka dawo da ni."

Ta gyaɗa kai, ta yi kukanta a hankali, shi kuma ya tashi ya ƙara ruwa a buta don kada ta ji nauyinsa.

Kai ne wannan, Selby, na ƙarshen fita. Kai ne ka ji abin da muka ji, ka ji tsoron da muka ji, ka kwance jirgi duk da haka. Mu biyar mun riga mun yanke cewa mamaci ne, don in mamaci ne ba sai mun jiƙa ƙafa ba. Kai ka ce a je a gani. Ba jarida da ta buga sunanka, masu tafkin ma sai daga baya suka ji, kuma da na ce zan rubuta wannan, cewa ka yi in na rasa aikin yi in zo in taya ka fentin jirgi.

Mun gode, dattijo. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka huta a gindin wuta irin hutun da ka hana kanka. Ku kuma da ke riƙe da makullin wani wuri, ko makaranta ce, ko masaƙa, ko bakin ruwa, in lokacin tashi ya yi aka ce saura mutum ɗaya, kada ku karɓi bayanin da ya fi muku sauƙi. Ku je ku duba. Enid Teasdale ta cika saba'in da huɗu a makon jiya, kuma ita ce za ta yanka burodi ranar da za mu sallami Selby.