Ranar Da Na Yi Wa Amurka Sanitashan

Akwai ranar da ko na tsufa ba na jin za ta fita daga kaina: Asabar ɗin da na durƙusa a tsakiyar titi a Amurka ina ba magajin gari haƙuri. Tunda ku sababbi kuna ta jin labarin gutsi-gutsi a bakin direbobi, bari in rubuta muku shi a nan sau ɗaya, kowa ya huta.

Watan Mayu ne, 2012. Lokacin ina sabon jami'in gona a kamfaninmu na iri, nan Minna, hanyar Bida, gaba da Gidan Kwano. Ga waɗanda ba su sani ba, in an ɗauke ka sai ka yi wata shida na gwaji. Ka yi daidai a tabbatar da kai, ka yi shirme a ce ka je za a neme ka. Ina cikin gwajin aka samu gurbin horo kan adana irin masara da waken soya a jihar Iowa. Oga Yisa, babban jami'inmu, shi ya kamata ya je, aka hana shi biza. Ni da aka sa sunana don cike layi, aka ba ni.

Madam Ladi, manajarmu, ta kira ni ofis. Ta ce, "Ndagi, tsohon da za ka zauna wurinsa zai kira ni in ka gama. Abin da ya faɗa a kanka, da shi zan yi aiki. Ya kawo ƙara ɗaya, daga filin jirgi ka wuce gidanku Sauka Kahuta, kar ka biyo nan."

Da wannan magana a kunne na sauka.

Garin da aka kai ni ɗan ƙarami ne, unguwar Bosso ta nan Minna kaɗai ta cinye shi. Ko'ina ka juya masara, waken soya, sai ɗakunan aladu. Kakanninsu daga Holan suka zo, shi ya sa kusan kowa sunansa da Van yake farawa. In mutum biyu suka haɗu, sai an bi dangi har an gano kakar wannan ƙanwar kakan wancan ce. Na ce ashe ba mu 'yan asalin Bida kaɗai ke wannan ba. Mota a bar ta da makulli a jiki. In kun yi kiciɓis a hanya, mutum ya ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, an gaisa ke nan. Ranar Lahadi ko tarakta ɗaya ba ta tashi. Da hantsi kuma kowa ya ajiye aiki a sha kofi, ko gobara ake.

Mai masaukina Baba Halan, manomi ne kuma yana da shagon iri a babban titi. A ɗakin saman shagon aka sauke ni. Matarsa Mama Lois, tun ranar farko ta daina sa alade a tukunya saboda ni. Amma mutanen nan tsafta kamar ciwo. Tsohuwa ta hau tsani tana goge taga, tagar da ni ban ga komai a jikinta ba.

A makon ake shirin bikin furensu, wani fure da suke kira tulif, an shuka shi layi-layi ko'ina. Ranar Juma'a muna cin abincin rana Mama Lois ta ce, "Gobe ake wanke titi. Magajin gari da kansa zai fito dubawa. Kai ma sai ka fito."

Ban tambayi komai ba. Me zan tambaya? Ni a Minna na tashi, na san sanitashan, sharar gari ta dole. Na taɓa ganin an jefa mai gidan hayarmu bayan mota saboda kwatar ƙofar gida, aka kai shi kotun tafi-da-gidanka da wandon barci. Na ce a raina, za a share gari kafin baƙin biki su iso, kuma gaban shagon Baba ni ke kwana a samansa. In aka ci shi tara, wa za a ce?

Ina idar da sallar asuba na sauko da bokiti, burushi da omo. Ruwan nan kamar daga firij. Na dirje gaban shago, na dirje kwalta har tsakiyar titi, na ɗauraye, na sake. Matar da ke gasa biredi a tsallake ta leƙo ta taga tana kallona, ta ɗago mini hannu. Na ce ke dai tsaya kallo, za ki yi bayani.

Da rana titi ya cika. Mata da fararen huluna masu fukafukai, maza da wani ƙaton baƙin wando, kowa da takalmin katako, ƙwas-ƙwas. Ga bokitai, ga tsintsiyoyi. Na ce ikon Allah, su har ado suke yi wa sanitashan.

Sai ga magajin gari, wani na gabansa yana kaɗa ƙararrawa. Bai tsaya ko'ina ba sai daidai gaban shagonmu. Ya duƙa, ya shafa kwalta da farar safar hannu, ya ɗaga, ya karɓi makirfo ya ce, "Titin nan ƙazanta ne. Dole a wanke shi."

Wallahi aikina na gani yana tafiya. Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na zube a gabansa irin gaisuwarmu ta gida, gwiwa har ƙasa.

"Yallaɓai, don Allah, ba laifin Baba ba ne. Ni na wanke, da omo, har na maimaita. In akwai hukunci a yi mini. Amma kar a bari maganar ta kai wurin Madam."

Makirfon a kunne yake. Duk gari ya ji.

Sai na ji Mama Lois daga baya ta fashe da dariya, titi gaba ɗaya ya ɗauka. Magajin gari ya rufe makirfo da hannu, ya sunkuyo yana ƙoƙarin haɗe fuska.

"Ɗana, tun zamanin kakana ake cewa titin nan da datti. Wasa ne. In na ce da tsafta, ya zan yi da mutanen nan da bokitansu?"

Ya nuna mini safar. Fara fat. Ashe mai biredin ce ta tsegunta masa, shi ya sa ya zaɓi wurin don tsokana. Kuma 'yar'uwar matarsa ce, ba sai na faɗa ba.

Ya miƙe ya ce a makirfo, "An gyara sanarwa. Daga nan zuwa nan, baƙonmu na Najeriya ya gama. Sauran gari, ku ji kunya."

Aka saki ruwa. Yara na watsa wa manya, tsofaffi na dirzar kwalta suna waƙa. Wani ya cusa mini takalmin katako, wata ta miƙo mini tsintsiya. Taku kaɗan na yi santsi ya kwashe ni, Baba Halan ya cafke ni yana cewa, "Ka huta mana, kai ka riga ka yi naka." Ranar na ci wani biredi mai zaƙi har sai da na ce ya isa, kowa so yake ya saya wa "mai omo".

Amma dariyar gari daban, wayar Madam daban. Ranar da zan taho, Baba Halan ya kira ta a gabana, na tsaya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ya yi maganar horo a taƙaice, sannan ya ba ta labarin tun daga bokiti. A ƙarshe ya ce, "Yaron ya ɗauka za a hukunta ni, ya shiga gabana. Ni dai irinsa zan bar wa shagona."

Ya miƙo mini waya. Madam tana ta tari don dariya.

"Ndagi, ka wanke titin Amurka, gaban ofishinmu ciyawa har gwiwa? Litinin ka zo da burushinka. Ka zo da hoto biyu kuma, na katin ma'aikaci."

Abin da na ɗauko daga ranar, wanda nake so ku ma ku riƙe: in kun shiga ƙauye aka ce muku gobe akwai kaza, ku tambaya mene ne shi. Kar ku ce ai kun san irinsa a gida. Amma in har kuskuren ya zama dole, gara ya same ku da kayan aiki a hannu. Manomi, na Iowa ne ko na bayan Gidan Kwano, zai yi muku dariya son ransa, kuma gobe shi zai fara buɗe muku rumbunsa.