Alin Kaka Su Tara

A unguwar Karantina, can ƙasar Larabawa, mu biyu ne kawai a gidanmu in rana ta faɗi: ni da Kaka. Uwata ta rasu ina goye, Baba kuwa yana dako a tashar jiragen ruwa, sai Juma'a muke ganinsa. Bayan magariba Kaka takan hura gawayi a saman soro ta soya gyaɗar da za ta sayar da safe, ni ina murza ɓawo. Nan ne makarantar tatsuniyata.

Amma fa Kaka ba ta cika yin Gizo da Ƙoƙi ba. Ta yi shekaru tana dafa wa wani tsohon Bature ɗan Sikotilan abinci, mai duba jiragen ruwa, marar mata marar ɗa. Kaɗaici ya sa yake zaunar da ita yana jero mata kakanninsa da gurɓataccen Larabcinsa. Ita kuma ta kwaso ta kawo mini.

"Yalla, matso. Ga ta nan, yau ma ta Turawa ce," in ji ta. "Su tara ne, kuma kowanne sunansa Ali. Kin ga asalinsu Musulmi ne, sanyi ne ya ɓatar da su."

Ali na farko ya goya sarki ya ƙetare da shi kogi ranar yaƙi, aka ba shi tudu da tafki tukuici. Ali na huɗu ya bi sarkin da aka kayar, aka ƙwace gidan, sai jikansa ya karɓo. Na bakwai bai haifi namiji ba, 'yarsa ta riƙe sarautar. Nan Kaka takan buga cokali a kasko: "Mace fa! Ke kina nan ko wanke-wanke sai an yi faɗa da ke." Na tara ya shiga teku bai dawo ba, sarauta ta kwanta barci, tana jiran mai hujja. Baturen Kaka ya rantse shi jininsu ne, sai dai takardar aure guda ta ɓace, ba ita ba sarauta.

"Miskin," takan ce. "Shi ma ba shi da iƙama, takardar izinin zama, a gidan ubansa. Ƙurunƙus, kwashe gyaɗar."

Na haddace su tsaf. Amma abin da nake so daban ne. Yaran unguwa kowa na da gari: wannan Damagaram, wancan Katsina. Ni ba ni da abin faɗa, kuma yana ci mini rai.

"Kaka, mu fa? Su waye namu?"

"Gobe, 'yar nan. Gawayi ya mutu."

Goben nan ba ta zo ba har muka kai ta makwancinta.

Na girma, wani malamin Turanci ya yi ta dariya da na ba shi labarin. Ashe ba Ali ba ne, Erul suke cewa, sarauta ce kamar Galadima. Na yi dariya ni ma, na dawo gida na yi kuka.

Da zan yi aure aka nemi fasfo, mai cike takarda ya tambaye ni garin kakannina. Wallahi tudun Turawa da tafkinsu ne suka zo bakina. Na garzaya wajen Baba da fushina, na ce Kaka ta tafi da namu ta bar mini na wasu.

Baba ya ce:

"Ba ɓoye miki ta yi ba. Shekararta biyar uwarta ta mutu a hanyar Sudan, ayarin alhazai suka ɗauko ta. Ko sunan ubanta ba ta sani ba."

Na tambaye shi me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba.

"Kunya take ji jikarta ta roƙe ta abu kullum, ta ce babu."