Shekara Tara Bayan Baffa, Firam ɗin Motarsa Ya Iso

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Jibrin mai allurar shanu, wanda mu 'ya'yansa muke kira Baffa. Duk shekara idan damina ta kankama nakan yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, saboda wani kaya da aka shigo da shi gidanmu a watan jiya, naɗe cikin kwali da leda, mai ɗaukar hoto na biye da shi.

Duk wanda ya san ƙauyukan bayan Kiyawa ya san motar Baffa. Tsohuwar jif ce mai ruwan toka, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ya saye ta a gwanjo tun yana aikin gwamnati, yana bin rugage yana yi wa shanu rigakafi. Da ya yi ritaya sai ta zama motar kowa. Hanyarmu yashi ce da rani, taɓo ce da damina, ƙananan motoci ba sa shigarta. Mai naƙuda, da wanda maciji ya sara, da makiyayin da sa ya soka, duk ƙofar Baffa ake zuwa. Gilashinta na gaba guda biyu ne shafaffu, da sanda a tsakaninsu, suna zaune cikin wani ƙarfe mai kusurwa huɗu da makanikai ke ce wa firam. A kan firam ɗin nan gaban rufin motar ya dogara. Ban taɓa sanin yana da suna ba sai da aka karya shi.

Wanda ya karya shi ɗan'uwana ne, Yaya Ɗanlami, ɗan wan Baffa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, a gidanmu ya tashi, Baffa ne ya kai shi makaranta da hannunsa. Da ya fito takara sai ya zo aron motar. Ya ce motocin da aka ba shi ba za su shiga rugage ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, idan mutanen ruga suka hango motar Malam Jibrin, kowa zai fito. Inna, mahaifiyarmu, ta ce kada a bayar. Baffa ya ce mata, "Ɗanki ne fa." Ya miƙa makulli, ya ƙara da magana ɗaya.

"Kada a hau mata kai, Ɗanlami. Rufin nan ba ya ɗaukar mutum."

"Haba Baffa, ina raye wani ya hau?"

Shi da kansa ya hau. Sun ɗaure lasifika a kan rufin, magoya baya sun ɗare, shi kuma ya tsaya a tsakiyarsu yana jawabi. Firam ɗin ya lanƙwashe, ya ɓalle ta kusurwa biyu, gilasan suka tarwatse, rufin ya kwanta a kan sitiyari. Bai ma dawo da ita da kansa ba. Wasu ne suka jawo ta da igiya, suka ajiye a ƙofar gida, suka wuce ko sallama babu. Ya ci zaɓe. Da ya zo karɓar barka, ya ce wa Baffa ya dakata a rantsar da su, sabuwar mota fil zai saya masa. Baffa ya ce, "Ba sabuwa nake so ba, sabuwa ba za ta shiga hanyar nan ba. Firam ɗin kawai ka nemo min." Ya ce an gama.

Ba a gama ba. Da jira ya yi tsawo, Baffa ya ɗauki gutsuren kusurwar da ta ɓalle ya sa a buhu, ya shiga nema da kansa. Dattijo ne da ya haura saba'in, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa. Ya je kasuwar kayan mota a Kano, yana fito da gutsuren ƙarfen nan rumfa-rumfa yana nunawa. Wani ya ce masa, "Baba, wannan ai sai gidan tarihi." Ya je Kaduna, ya je Jos. Inda duk aka ce an taɓa ganin irin motar a yashe, kafin ya isa 'yan gwangwan sun riga shi, sun daddatse ta sun ɗora a sikeli. Sau ɗaya ya samu guda a bayan wani gareji, ya yi murna kamar yaro, yana ɗaga shi tsatsa ta zubo, yatsansa ya shige ciki.

Mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Sai a yi sallama a ruɗe, ya fito, ya nuna musu motar kawai. Hanne, matar maƙwabcinmu, a amalanke aka ɗauke ta da naƙuda ta gardama. Ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Baffa ya je ta'aziyya ya dawo, ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Ni ina koyarwa a Dutse, ina zaune a unguwar Takur, don haka na je ofishin Yaya Ɗanlami da ke garin. Na yini a kan benci kafin a shigar da ni. Da na faɗa masa halin da ake ciki, ya yi dariya ya ce, "Uwani, ƙarfe ne fa. Na sa an bincika, yanzu ba a yin irinsa a duniya. Ki ce wa Baffa ya huta." Ya sa aka ba ni lemo.

Da Baffa ya yanke ƙauna da samun na asali, sai ya nufi tsohon abokinsa Malam Hashimu mai walda a Ringim. Sun samo firam ɗin wata tsohuwar a-kori-kura, ya fi na motarmu faɗi, suka ce za su yanke shi a tsakiya, su rage, su haɗe, su yi masa sabon mazauni. Aka cire rufin, Baffa ya tuƙa motar har Ringim ba gilashi, ya naɗe fuskarsa da rawani, ya sa tabarau, mutane na yi masa dariya a hanya yana ɗaga musu hannu. Aikin bai zo da sauƙi ba. Karon farko sun zana girman gilashin a kwali aka yanko, suna ɗaure noti na ƙarshe gilashin ya tsage, ashe kusurwa ɗaya ta murɗe wajen walda. Karo na biyu gilashi ya zauna, rufin ya ƙi haɗuwa da firam ɗin. Dattawan nan biyu suka yi ta musu a kan wanda ya auna ba daidai ba, Baffa ya yi fushi ya taho gida, kwana kaɗan ya koma da goro. Suna cikin gwaji na uku ne ciwon ya kayar da shi.

Da hantsi ne, bayan an sha ruwan sama. Ya faɗi a zaure, harshensa ya yi nauyi, ɓarin jikinsa ya saki. Motar tana Ringim a wargaje. Inna ta kira ni, ni kuma na kira Yaya Ɗanlami, mai motoci jere a gidansa, waɗanda a lokacin ba taɓon da zai tsayar da su. Ya ɗauka. Ya ce duk sun tafi taryen baƙo, amma zai turo. Ƙanina Nasiru ya gaji da jira, ya goya Baffa a kan babur, aka ɗaure su tare da zanen Inna, mijin Hanne ya zauna a baya yana tallafe da shi. Sun faɗi a cikin taɓo kafin su kai kwalta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai marasa lafiya asibiti a kwance, a rufe, shi aka kai da laka har cikin gemu. Ya rasu a asibiti a Dutse bayan 'yan kwanaki. Motar Yaya ta zo, gaskiya ne. Ita ta ɗauki gawa.

Na san kwana ne ya ƙare. Babu likitan da ya ce mana da an kawo shi da wuri zai tashi, kuma ban ce wani ya kashe min uba ba. Abin da nake cewa shi ne an wulaƙanta shi, kuma wanda ya yi ɗin ya zauna a sahun gaba yana karɓar gaisuwa.

Malam Hashimu ya ƙarasa aikin shi kaɗai, ya kawo motar bayan addu'ar arba'in. Ya ajiye makulli a gaban Inna. Firam ɗinsa ya ɗan karkace, kuma idan ana ruwa yana yoyo ta gefen fasinja. Amma ya riƙe. Tun daga nan Nasiru ke tuƙa ta, kuma har yau ƙofarmu ake zuwa, don hanyar tana nan yadda take.

Yanzu Yaya Ɗanlami ya gina katafaren ɗakin taro a Dutse, kuma an ce yayin manya ke nan su ajiye tsohuwar mota a bakin ƙofa don ado. Shi ne ya zo a watan jiya, a daidai ina gida. Ya ce yana so a ba shi motar, a yi mata fenti, a kafa ta a can da allo mai sunan Baffa, don tarihi. Sannan ya sa aka buɗe kwalin. Firam ne na asali, da sandarsa ta tsakiya, da robobinsa, ko ƙwarzane babu.

"Daga waje aka kawo," in ji shi. "Mataimakina ne ya nemo a waya. Ko wata bai yi ba ya iso."

Na ce, "Yaya, ashe ana yin irinsa a duniya?"

Ya ce, "Uwani, abin da ya wuce ai ya wuce."

Wani zai ce a wancan lokacin samun irin wannan ba sauƙi kamar yanzu. To, a wancan lokacin ma kujerun falonsa daga waje suka zo. Bai nema ba ne, domin a lokacin tsoho ne kawai da 'yan ƙauye ke buƙata.

Inna ba mai magana ba ce, amma ranar ita ta yanke. Ta ce, "Ajiye ƙarfen, Ɗanlami, na motar ne. Motar kuwa aiki take yi, ba inda za ta je. Mai hoton nan kuma ya fita min daga gida." Da ya ga ta juya ta shige ɗaki, ya kwashi mutanensa.

Bayan tafiyarsa ni da Nasiru muka kwashi rigima. Na ce a mayar masa da kayansa, ko a ba 'yan gwangwan. Nasiru ya ce, "Yaya Uwani, ke a Takur kike. Ni nake ganin mai naƙuda tana jiƙewa a kujerar gaba, ina toshe yoyo da tsumma ina tuƙi."

Na sha tambayar kaina abin da Baffa zai yi da yana nan. Amsar ce ta fi ƙona min rai, don na san ta. Zai karɓa da hannu biyu, ya shafa ƙarfen, ya sa wa Ɗanlami albarka, ya aika Ringim a kira Malam Hashimu su ɗaura. Ba zai tuna masa da komai ba. Shi lissafinsa ɗaya ne, wanda ke kwance a bayan motar ya isa asibiti. Wannan halin nasa Nasiru ne ya gada, da Inna da ta iya raba ƙarfe da wanda ya kawo shi. Ni ban samu ko kaɗan ba, kuma ba zan yi ƙaryar na samu ba.

An ɗaura firam ɗin makon jiya. Malam Hashimu, da yanzu sai da sanda, ya zo ya zauna a inuwa yana kallon ana kwance nasa aikin, ya ce Alhamdulillahi, wannan ne Jibrin ya so. Washegari Nasiru ya kai wata tsohuwa asibiti ana tsaka da ruwa, ya ce ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na yi murna da hakan har cikin raina. Yaya Ɗanlami ya kira ni sau biyu tun daga nan, ban ɗauka ba. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma a sa ni a addu'a, don har yanzu ban yafe ba.