Waken Ladi a Jikin Bango

Wata Juma'a ce a farkon watan Mayu, shekarar da na cika biyar, na ga kakata ta tsaya cak a gaban bangon gidan renonmu da ke Silver Spring kamar wadda aka yi wa saƙon mutuwa. Ranar iyaye ce. An yi wa ɗakin ado da duk abin da muka yi tun da sanyi ya ja da baya: malam-buɗe-littafi na takarda suna lilo a jikin zare, shatin tafukan hannuwanmu da aka tsoma a fenti ya zama furanni, ga kwalbar da muka reni tsutsotsi a ciki har suka yi fiffike. Mamata nas ce, ba ta samu wanda zai karɓe ta a asibiti ba, don haka Kaka Saratu ce ta zo, ta sha zanin zumuntar mata na coci, ɗaurin ɗankwali ya tashi sama. Ko kallon malam-buɗe-littafin ba ta yi ba. Idonta na kan wani kwali kusa da taga, inda aka yi babban fure da wake, an manne kowace ƙwaya da gam, sunana a ƙasa da manyan haruffa. Ni na yi furen. Waken kuwa nata ne, kuma mako biyu ke nan tana nemansa.

Wannan wake ba irin na shago ba ne. Fari ne mai ɗigo-ɗigon ja, kuma a gidan su Kaka ana ce masa waken Ladi, da sunan kakarta da ta zo da shi gidan aure. Daga uwa zuwa 'ya yake tafiya. Kaka ta ce sau uku a rayuwarta yunwa ta shiga ƙauyensu a Filato, aka ci ganye, aka ci dusa, amma ba wanda ya taɓa goran da ake ajiye irin. "Ko yunwa ba ta cin iri," haka take cewa, tana kaɗa yatsa. Da rikici ya tashe su aka ƙone rumbuna, goran nan ta fara rarumowa kafin ta ɗauki takalmi. Da Mama ta ɗauko ta zuwa Amurka, sai ta ɗinke waken a cikin bakin zaninta ta wuce da shi filin jirgi, tana sane sarai an hana. A ɗakinmu na hawa na shida ta cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, ta ƙulle a tsumma, ta sa a gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin gado. Sunanta na ci, shi ya sa Mama ba ta iya kiran sunana, sai Mami. Kaka kuwa takwara take ce min, kuma ta sha faɗa min cewa tunda uwata ta zaɓi allura ta bar fartanya, ni ce zan gaji gwangwanin.

Shekararta ta farko ba ta samu inda za ta shuka ba. Ta taɓa sauka da cokali za ta tona ciyawar gaban bene, Mama ta kamo ta a bakin lif tana cewa so take a kore mu daga gidan. Wake kuwa ba ya jiran mutum har abada, in ya daɗe a ƙulle ransa fita yake yi. Kaka ta san shekarar nan ce ta ƙarshe. Sai Allah ya kawo Baba Yohanna, wani dattijo a cocinmu mai gida a Springfield, ya ce ya ba ta kusurwar bayan gidansa, amma ta jira tsakiyar Mayu sanyi ya fita daga ƙasa. Tun daga ranar Kaka ta koma yarinya. Kullum da safe sai ta buɗe taga ta miƙa hannu ta ji iska, ta yi tsaki ta ce wai wannan ake kira bazara, mutum na rawar ɗari itatuwa na fure.

Gidan renon ma ba da son ranta aka sa ni ba. A ganinta cin fuska ne, ga kaka zaune a gida a ɗauki jika a kai wa baƙuwa. Mama ta ce sai na iya Turanci kafin in shiga makaranta. Ni kuwa wallahi ina son wurin, ko da yake yaran ba su cika sona ba. Suna toshe hanci su ce rigata na warin wani abu, daddawar Kaka ke nan da ta kama komai a gidanmu har labule. Malamarmu, Mis Debi, mace ce mai kirki, doguwa mai furfura, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗora mata laifin da ba nata ba. Ita ce ta ba mu takarda mu kai gida, cewa kowane yaro ya zo da 'yan ƙwayoyin iri za a yi hoton fure. Mama ta dawo aiki ƙafa a kumbure, ta ce za ta sayo, ta manta. Da safe na ga ba ni da abin kaiwa, Kaka kuma tana wanka. Na rarrafa ƙarƙashin gado, na kwance tsumman, na tsince waken duka na zuba a jakar abincina, na mayar da gwangwanin da tokarsa.

Ranar na yi sarauta. Sauran yara farin wake suka kawo da masara, wata ma taliya, kamar taliya na tsirowa. Da na zazzage nawa a tebur Mis Debi ta hure tokar, sai ga yaran da ke toshe min hanci sun yi layi suna roƙo. Na dinga rabo da hannu biyu kamar 'yar siyasa. Wasu suka manna, wasu suka yi jifa da shi, wani yaro ya cusa ɗaya a hanci sai da aka ciro. Abin da ya zube ƙasa aka share aka zuba a shara tare da guntayen takarda. Abin da ya tsira wuri ɗaya shi ne na jikin kwalina.

Kwana biyu bayan haka Kaka ta jawo gwangwani don ta shanya irin a taga. Ban manta ƙarar da ta yi ba. Ta birkice gidan nan kaf, ta ɗaga katifa, ta zazzage akwati, ta tankaɗe tokar da rariyar tuwo ko za ta ga ƙwaya ɗaya. Daga nan ta juya kan Mama, tunda Mama ta sha yin mitar cewa tokar na ɓata kafet. Mama ta rantse ba ta taɓa ba, kuma da gajiya ta ci ƙarfinta sai ta ce wake ne fa, gobe za ta sayo mata buhu guda a shagon 'yan Afirka. Kaka ta dube ta ta ce lallai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ranar ba ta ci abinci ba. Ni ina ƙarƙashin teburin cin abinci ina jin komai, na yi gum. Mako biyu uwa da 'ya suna gaisuwa sama-sama a kan laifina, ni kuwa ina cin tuwona har da ƙari.

To, ga mu a gaban bango. Kaka ta ɗaga hannu a hankali ta sa farce ta fara ɓanɓarar ƙwaya ɗaya. Mis Debi ta matso da murmushi ta riƙe mata hannu, ta ce ba a taɓawa, sai ƙarshen wata kowa zai tafi da nasa. Kaka ba ta jin Turanci, Mis Debi ba ta jin Hausa, duk ɗakin nan ni kaɗai ce ke jin su biyun. Kaka ta sunkuyo ta ce, "Takwara, gaya mata iri ne. Gaya mata mai rai ne, rana na dukansa, ta ba ni in tafi da shi yau." Iyayen yara sun juyo suna kallon tsohuwar da ke ɓata aikin jikarta. Yarinyar da ta fi kowa toshe min hanci tana tsaye riƙe da hannun uwarta. Kunya ta kama ni, kunyar ɗankwalin, kunyar muryar, kunyar Hausar da ta fito da ƙarfi a ɗakin. Na ɗaga kai na ce wa Mis Debi da Turanci, kakata ta ce furen ya yi kyau sosai. Fuskar Mis Debi ta washe, ta rungume Kaka tana ta godiya. Ni kuma na ce wa Kaka malama ta ce a'a.

Muka fito muka taka zuwa tashar bas. Furannin itatuwa suna ta zubowa a kan titi, wani ya maƙale a ɗankwalinta. Kaka ba ta jin Turanci, amma ta san kalmar godiya, kullum tana jinta a coci. Sai da muka zauna a benci ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Takwara, me kika gaya mata da har ta yi min godiya?" Motar ta iso muka shiga. Ba ta sake tambaya ba, ranar ko wata rana.

Da Mama ta ji ni ce na ɗauki waken, ta zaro silifas, Kaka ta shiga tsakani ta ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Maganar abin da na faɗa wa malama kuwa ba ta taɓa fita daga bakinta ba, ta bar min ita ni kaɗai, kuma da ta dake ni da ya fi min sauƙi. Ta roƙi Mama ta je ta karɓo kwalin. Mama ta ƙi. Takardun zaman Kaka ba su fito ba tukuna, kuma a lokacin Mama tsoron kowace tambaya take yi, ta ce in aka tambayi yadda irin ya shigo ƙasar me za ta ce. Yau na san Mis Debi ba za ta tambayi komai ba, da ta cire shi nan take ta miƙa da hannu biyu. Haka kwalin ya yi ƙarin mako uku a taga rana na gasa shi. Kullum in Kaka ta zo ɗaukata sai ta tsaya a waje ta kalle shi ta gilashi. Ranar da za a raba mana, Mis Debi ta fesa wa kowane hoto wani ruwa mai ƙyalli, ta ce in gaya wa kakata yanzu furen zai daɗe ba zai lalace ba. Wannan kam na fassara daidai.

Kaka ta jiƙa kwalin a roba, ta ɓanɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta kankare gam da ƙyallin da bakin wuƙa kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Asabar muka hau jirgin ƙasa biyu da bas zuwa Springfield. Baba Yohanna ya riga ya yi mata kunyar shuka guda uku. Ta cire takalmi, ta tona rami da dunduniya, ta sa ni in jefa bibbiyu in rufe, ta yi addu'a. Kowace Asabar muna komawa. Ciyawa ta fito, ta cire. Tumatirin Baba Yohanna ya yi fure a gefe. A Asabar ta huɗu ta tona rami ɗaya da yatsa, ta fito da wani abu baƙi mai laushi, ta shinshina, ta mayar ta rufe. Ta yi wa Baba Yohanna godiya ta ce ya shuka abin da yake so a wurin. Har yau ban sani ba ko gam ne ya kashe shi, ko ƙyallin, ko tsufa, ko makonni ukun nan da bakina ya jawo. Rashin sanin nan ne ke cina.

Shekara na zagayowa, takardun da Mama ke tsoro a kansu suka fito, Kaka ta ce ba ta so, gida za ta. Ta koma Jos wurin ƙanenta, ta rasu ina aji bakwai. Gwangwanin ta bar min a kan filona ranar tafiya, da tsumman da tokar. Da na girma na je Filato na bi dangi gida-gida ina tambayar waken Ladi. Tsofaffi suka ce sun tuna shi, har wata ta kwatanta min daɗinsa a fate, amma ba wanda ke da ko ƙwaya. Hausar nan ma da nake rubutu da ita sai da na koma na tsince ta da kyar, bayan wadda na ƙi fassara wa ta riga ta tafi.

Yanzu ni ce uwa, kuma 'yata Ladi tana wani gidan reno bai fi tafiyar minti goma daga wancan ba. Ina yi mata Hausa, tana amsa min da Turanci. A watan Afrilun nan ta zo da takarda, har yanzu ana yin furen iri, wai kuma an fi son abin da ya fito daga ƙasar iyayen yaro. Ta tambaye ni mu wane wake ne namu. Na ɗauko gwangwanin na buɗe mata, ta leƙa, ta toshe hanci ta ce babu komai a ciki sai datti. Na ɗauke ta muka je shago muka sayo farin wake a leda, irin wanda kowa zai kawo. Yunwa uku ta zo ta wuce ba ta ci irin nan ba. Ni na cinye shi, kuma a ƙoshe nake.