Muryar Da Kika Zaɓa, Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggona, yayar mahaifina, a gadon asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon suga. Ina riƙe da kofin ruwanta lokacin da numfashinta ya tsaya. Na ɗauka barci ne, har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta zare abin sauraron da ke kunnenta, ta miƙo mini, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

Gwaggo, kin fi kowa sanin ban iya magana a cikin mutane ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. In na yi kuskure a rubutun, yanzu babu mai gyara mini.

Tun kafin a haife ni kike aikin buga takardu a ofis. An ce ko tafireta ba kya kallo, kina hira da na kusa da ke yatsunki na gudu. Da ciwon ya cinye idanunki aka sallame ki, kika dawo gida da yatsun da suka san hanya, amma babu idon da zai duba abin da suka rubuta. Ina gama firamare Baba ya kawo ni wurinki. Ya ce in ajiye karatu tukuna in kula da ke. Kika ce sam, ɗaki ɗaya ba zai ɗauki makafi biyu ba. Ke kika sa aka kai ni sakandare, kuma kowace safiya sai kin shafa wuyan rigata kin ji ko na goge ta kafin in fita.

Ke kika sa mini suna Tabarau. Ni ke karanta miki sunan magani, da saƙon waya, da jarida in an samu. Maƙwabta kan zo ki buga musu takardar neman aiki ko ta neman makaranta a tsohuwar kwamfutar da ɗanki ya bar miki. Kina bugawa, ina gefenki ina duba allon, in kin gama in karanto miki daga farko. Ba ki taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Na tuna ɗan mai wanki da ya zo yana jin kunyar takardarsa. Kika zaunar da shi, kika yi ta tambayarsa abin da ya iya, har kika tono masa abubuwan da shi kansa bai san abin faɗa ba ne. Yanzu yana aiki, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarki.

Kowa ya san muryata ƙarama ce. A aji malamai sun gaji da cewa in buɗe baki. Ke kaɗai ba ki taɓa cewa in ɗaga murya ba. Sai dai ki karkato da kanki, har in ji ƙamshin man gashinki. A duk duniya nan ne wurin da na san ina da amfani.

Sai ga mai gyaran kwamfuta na ƙasan benenmu ya hau wata rana da labari. Ya ce akwai wata manhaja da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo, kuma kyauta ce, wasu mutane ne suka haɗu suke yin ta don Allah. Suna neman makafi masu jin Hausa su gwada, su faɗi inda take tuntuɓe. Kika ce, "Kyauta? To me kake jira, ɗana?"

Ya saka ta. Kika danna maɓalli, sai wata murya ta namiji ta fito, kamar mai mura yana magana a cikin gwangwani. Hausar ma tauna ta yake yi. Na yi dariya har da riƙe ciki, don na tabbata wannan abin ba zai kai ko'ina ba. Ke ba ki yi dariya ba. Kin buga layi ɗaya, ya karanto miki, kika goge harafi, ya faɗa miki wanda kika goge. Kika ce, "Tabarau, kin ji? Ni na gyara da kaina." Na ce na ji. Kika sa masa suna Baƙo.

Da farko gwajin bai raba ni da kujerata ba. Aikina shi ne in zuba wa allon ido, in Baƙo ya faɗi abin da ba shi ke rubuce ba, ko ya tsallake wani wuri, in gaya miki, ke kuma ki rubuta wa masu manhajar. Na iya wannan aikin ƙwarai. Babu abin da ke faranta mini rai irin in kama shi. Amma duk kuskuren da na kama sai su gyara, su aiko da sabuwa. Da hannuna na yi ta koya masa aikina.

Kika fara ƙara masa sauri. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya koma kamar ruwan sama a kan kwano. Ni ba na tsintar ko kalma ɗaya, ke kuwa sai ki yi murmushi, wani lokaci ki ƙyalƙyale da dariya, in tambaye ki mene ne, ki ce, "Ni da Baƙona ne." Daga baya kika ce a riƙa kashe hasken allon don batir ya daɗe. Na zauna kusa da ke ina kallon baƙin gilashi, babu abin da nake gani sai fuskata.

Abu ɗaya ya gagare shi, hoto. In ya iso wurin sai ya ce "hoto" ya yi shiru. Nan za ki kira, "Tabarau, zo ki gani mini." Ko ina wanke-wanke sai in taho da kumfa a hannu. In jikanki ne aka turo, sai in faɗa miki launin rigarsa, da haƙorin da ya fito, da labulen da ke bayansa, da takalmin da aka yar a gefe, don dai kada in gama da wuri. Ranar nan na ji kina rubuta musu cewa ya kamata manhajar ta koyi bayyana hoto. Na shiga kicin na daɗe ban fito ba.

Amma duk wannan da sauƙi. Baƙo ba mutum ba ne, kuma muryarsa ba ta da daɗi.

Mai gyaran kwamfuta ya sake hawowa. Ya ce masu manhajar na so su yi mata murya ta Hausa sosai, muryar mutum. Za a sami wani ya karanta jimloli masu yawa a naɗa, daga nan na'ura ta koyi magana irin tasa. Wa ya fi ni sanin yadda kike son a yi miki karatu? Na san inda kike son a tsaya, na san inda kike son a maimaita.

Lokacin 'yar Baffa ta zo hutu gidanmu, wadda duk dangi ke kira Rediyo saboda ba ta gajiya da surutu. Sa'ata ce. Ta ce ita ma za ta gwada, don wasa. Mai gyaran ya ce ɗakin na amsa-kuwwa, sai dai a shiga cikin kabad ɗin kayanki a rufe, tufafi su shanye ƙarar. Ni na fara shiga. Na zauna a tsakiyar zannuwanki da makirufo a hannu, na karanta iyakar ƙoƙarina. Da na fito ya nuna mini wani layi a allo da ke tsalle in an yi magana. Nawa da ƙyar ya motsa. Ya ce, "Ƙanwata, da sauro kike hira?" Rediyo ta shiga, tun kafin a rufe ƙofa layin ya fara rawa.

Kika sa abin sauraro a kunne, kika ji nawa, kika ji nata. Ban ɗauke idona daga bakinki ba. Kika ce, "A ɗauki Rediyo." Sai kika nemi a miƙo miki ruwa.

Duk hutun nan tana cikin kabad ɗinki tana karatu. Ni aka ba aikin kashe fanka, da tsare ƙofa, da korar yaran maƙwabta daga matakala. Rediyo ta ce ai an ba mai shi, wa ya kai ni iya shiru. Kowa ya yi dariya, har da ke. In ta fito tana gumi, kayanta na ƙamshin turarenki, sai ki ce in kawo mata ruwan sanyi.

Bayan wasu watanni muryar ta iso. Kika kunna kwamfuta, sai ga Rediyo a ɗakinmu, alhali tana can makarantar kwana. Ita ke karanta miki labarai, ita ke karanta miki saƙon ɗanki. Har saƙon da Baba kan turo yana tambayar lafiyata, da bakinta kike ji. Ba ta tari, ba ta hamma, ba ta zuwa makaranta ta bar ki.

'Yan ƙungiyarku ta makafi suka riƙa zuwa ranar Asabar suna gwadawa. A nan na ga wani halinki da ba zan manta ba. Kina kama yatsun dattijon da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, kina ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ya yi kuskure sau nawa ba kya ƙosawa. Wata mata ta rubuta wa 'yarta saƙo da kanta, ta fashe da kuka, ta ce rabonta da sirri tun tana gani. Na yi murna da su, Allah Ya sani. Amma kowa sai ya tambayi mai wannan murya mai daɗi, ki ce 'yar ƙaninki ce, a yi ta sa mata albarka. Ni ma 'yar ƙaninki ce, Gwaggo. Shugaban ƙungiyar ya ji motsina ina ajiye kofuna, ya ce, "Wace ce wannan mai tafiya kamar kyanwa?" Kika ce, "Tabarauna ce. Ta yi ritaya kamar ni."

Ko a asibiti Rediyo ba ta bar mana ɗakin ba. Ni ke juya ki, ni ke jiƙa miki leɓe, ni ke kiran likita duk da kunyata. Ita tana can cikin ƙawayenta, muryarta kuwa tana cikin kunnenki. Da ita kika tafi.

Bayan an kai ki, ina bakin famfo ina wanke kofunan masu gaisuwa, sai Rediyo ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ban taɓa ganin ta shiru ba sai ranar. Ta ɗauki kofi tana ɗaurayewa, can ta ce, "Ke kika more ta." Na kalle ta. Ta ce, "Ni fa ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa in zauna kusa da ita ba. Daga kabad sai ruwan sanyi. Na taɓa tambayarta don me ba ta ɗauke ki ba, ke da kika saba. Ta ce muryar da za a raba wa duniya kyauta ake nema, taki kuwa ba ta shirya raba ta da kowa ba."

Na san abin da na gani a allo, layina bai motsa ba. Wataƙila kin faɗa ne don raha, wataƙila Rediyo ce ta ƙara gishiri don ta ga idona ya kumbura. Amma in gaskiya ne, Gwaggo, ina nan gefenki safe da yamma, tabarmata na ƙarƙashin gadonki. Me ya hana ki gaya mini? Ko wannan ma ita kika ba.

Shugaban ƙungiya ya aiko cewa za su taru ranar Asabar su yi miki addu'a, kuma suna so wanda ya zauna da ke ya rubuta wani abu a kanki. Ya ce kada in damu, ya san ni da kunya, in na rubuta za a saka a kwamfuta ta karanta musu. Wato Rediyo ta karanta. Na ce masa a'a, ni zan karanta. Ya ce, "Za a ji ki kuwa, 'yata?" Na ce ban sani ba. Tun ranar nake tsayawa a ɗakinki in karanta wa bango. In da gaske ba ki so a raba, ki yi haƙuri, sau ɗaya ne, kuma saboda ke ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba da Baffa, da ɗanki da bai samu isowa ba sai bayan an rufe ki, da jikanki da kika sani ta bakina. Ina yi wa 'yan ƙungiya ta'aziyya, da mai gyaran kwamfuta, da maƙwabtan da yanzu ba su san inda za su kai takardunsu ba. Ina yi wa Rediyo ta'aziyya. Ita ma ta yi rashi, kuma ban san haka ba sai a bakin famfo.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Duk makahon da ya karanta saƙonsa da kansa ta dalilinki, Allah Ya kai ladan kabarinki, Ya haskaka shi. Ya mayar miki da ganinki a Aljanna fiye da yadda yake a da. Ya yaye mini abin da ke cikin zuciyata, don har yau bai gama fita ba. In kuma Ya haɗa mu a can, aka ce ki zaɓi mai zama kusa da ke, ki zaɓe ni, ki kuma faɗa da ƙarfi ina ji. Amin.