Tambayar Malam Ilu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka binne ƙanena Malam Ilu a Kibiya. Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne, amma ba da aji nake tuna shi ba.

Farkon dawowar mulkin farar hula, ana ta shagalin ƙaddamar da Shari'a, wasu masu bincike suka zo daga Kano neman sanin yaran da ke buƙatar koyarwa ta musamman. Ilu ya yi musu rakiya. Kowace ƙofa tambayarsu ɗaya, ko akwai nakasasshe a gidan. Maigida kuwa sai ya ce Allah ya kiyaye, babu. Haka suka rubuta suka tafi, ajin kurame da aka yi mana zancensa ya bi ruwa.

Abin ya tsaya wa Ilu a rai. Ya shiga Tarai da Nariya da rugagen Fulani shi kaɗai, yana sallama da iyaye mata ta bayan danga. Bai taɓa cewa nakasa ba. Cewa yake, "Inna, cikin yaran nan wane ne ba ya waiwayowa in an kira shi?" Nan take sai a faɗi suna.

Da ajami ya rubuta sunayen a wani littafi, don iyaye su karanta su yarda. A ofishin ilimi aka ce sai ya mayar da su boko. Yana cikin mayarwa ciwon ajali ya kama shi, littafin ya dawo hannuna. Na kai shi ofishin sau biyu, aka ce wanda zai duba yana taro. Daga nan na yi sanyi, kuma wannan laifina ne.

Da Ilu zai leƙo yau, zai ga an yi wa makarantu fenti. Yaran littafinsa kuwa sun zama magidanta, ba wanda ya koya musu ko baƙi. Suna bin sahun salla, Allah ne ya san abin da suke karantawa a zuci.

Bayan sallar layya Audu kurma, na shafin farko, ya zo zaurena riƙe da 'yarsa mai shekara shida. Ya tafa hannu a bayanta, ba ta juyo ba. Ya nuna littafin, ya nuna ta. Na rasa yadda zan gaya masa ba inda takardar nan take zuwa. Na jawo tawada na rubuta sunanta, Hansai, a ƙarƙashin sunan ubanta.